Faten tsakin masara da kabewa a hunturun Turai

Wanda ya sauka Jamus ko Ingila a watan Disamba zai tarar rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Faten tsaki da kabewa na ɗumama ciki, kuma kayan haɗinsa na nan a manyan kantuna, sunan ne kawai ya sauya. Tsakin masara a can polenta ake rubuta masa. A duba jikin ledar da kyau: akwai wanda aka riga aka turara, minti 5 ya nuna, akwai ɗanye da ke cin minti 40. Ɗanyen ya fi ɗanɗano.

Kada a ruɗu da manyan kabewar da ake fafewa a ƙarshen Oktoba don bikin Halloween, ruwa ne zalla, ga lami. A nemi butternut mai siffar gora, ko ƙaramar ja ɗin nan, Hokkaido, wadda ba sai an fere ta ba.

Kabewa rabin kilo, tsaki kofi 1, ruwa kofi 5. A yanka kabewar ƙanana, a dafa da gishiri da ɗanyar citta na minti 15, sai a farfasa ta da muciya a cikin tukunyar. Sannan a riƙa zuba tsakin kaɗan-kaɗan da hannu ɗaya, ɗaya hannun na juyawa. In aka juye shi gaba ɗaya a tafasasshen ruwa, bayansa zai dahu ya kulle, cikinsa ya zauna ɗanye, gudaji ke nan.

Inda baƙi suka fi shan kashi shi ne murhun lantarki. Ko an rage shi, yana daɗewa bai huce ba, kafin a ankara ƙasan tukunya ya kama, wataƙila ma na'urar jin hayaƙi ta tara wa mutum maƙwabta. Dabarar ita ce a kunna wani kan murhun a mafi ƙarancin wuta, da an gama zuba tsaki a mayar da tukunyar can. A rufe rabi, domin fate na fallatsa kuma yana ƙuna, a juya duk bayan minti 5 har ƙasa.

Madara rabin kofi da ɗan man shanu sai ana dab da saukewa, don madara na saurin ƙonewa. Ragowar kan daskare in ta huce. Tana kwana 3 a firiji, kuma wajen ɗumame sai an ƙara ruwan zafi an dama.