Tsakanin Haɗa Kai da Kafa Ƙungiya

A shekarata ta farko a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kaduna, an miƙo mini wani labari in fassara, a kan ma'aikatan da ke neman yin abin da Turanci ke faɗa da aikatau guda ɗaya, wato unionise, alhali Hausa ba ta da takwaransa. Na rubuta cewa ma'aikatan sun haɗa kai. Editanmu, dattijon da ya ga jiya ya ga yau, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya ce, "Malam, ai masu adashi ma sun haɗa kai, ka taɓa jin an kore su daga aiki?" Sai ya rubuta a gefen takardar cewa suna neman kafa ƙungiyar ƙwadago.

Na daɗe kafin in fahimci nauyin wannan gyara. Haɗin kai yana iya watsewa kafin la'asar, amma kafa ƙungiya magana ce ta doka, domin sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta, dokar ƙungiyoyin kuma ta tanadi cewa sai ma'aikata sun kai aƙalla 50 kafin a yi musu rajista. Idan an yi hakan, mai kamfani ba zai ƙara kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana yanka musu albashin da ya ga dama ba, sai dai ya zauna da wakilansu a yi ciniki, su kuma a riƙa cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi kowane wata.

Ita kanta kalmar ƙwadago ta yi doguwar tafiya. A ƙauye, ɗan ƙwadago shi ne wanda ake ɗauka ya yi noma a gonar wani, a sallame shi da yamma, shi ya sa na sha ganin ma'aikatan ofis suna yatsina fuska idan an jingina musu ita. Duk da haka, tun da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya a 1978, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da lebura duk inuwa ɗaya suka shiga, kuma a ganina sunan ya dace da su, tun da kowannensu ƙarfinsa ko iliminsa yake sayarwa. Haka kalmar yaji, wadda asalinta matar aure ce da ta yi fushi ta koma gidan iyayenta. Wanda ya fara cewa yajin aiki ya san Hausa, domin mai yaji ba sakinta aka yi ba, biko take jira.

A Kakuri na ƙarasa karatun, unguwar Kaduna da masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki a 1957, kafin masaƙun Arewa Textiles da United Nigerian Textiles Limited (UNTL) su biyo baya. A Kaduna hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa take, kuma daga cikinta Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci uwar ƙungiyar ƙwadago daga 1999 zuwa 2007. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa da na yi hira da shi bai furta kalmar ƙungiya ko sau ɗaya ba, yuniyan kawai yake cewa. Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya zaro tsohon katinsa daga cikin wata leda, hoton ya koɗe, ya ce, "Ɗana, mu da wannan sunan muka san ta tun muna shiga aikin dare."

Ban ɗauki kalmarsa zuwa rediyo ba, saboda mai saurare da ya saba da tashar mota ta Kawo, idan ya ji an ce 'yan yuniyan, masu lodi da yankan tikiti ne za su fara faɗo masa a rai. A labarai ina rubuta ƙungiyar ƙwadago, amma duk inda muryar dattijon ta fito a cikin shirin, na bar masa yuniyan ɗinsa.