Jirgin katako ko na fiba: inci biyar ɗin da ban auna ba

Jirage biyu aka nuna mini a bakin ruwan Yauri, duka na hannu, tsawonsu kusan ɗaya. Ɗaya na katako ne, ɗaya na fiba, wato roba mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi. Ni ba sana'ar su nake yi ba, fatsa ce ta ƙarshen mako, neman giwan ruwa da tarwaɗa, don haka lissafina ya bambanta da na Sarkawa masu kwana a kan ruwa.

Na katako ya fi arha, ya fi zama daram idan mutum ya miƙe tsaye, kuma kafintocinsa suna nan kusa. Matsalarsa ajiya. Ka fitar da shi tudu sati biyu a zafin Afrilu, katako ya bushe, haɗin ya buɗe, sai an sake cusa auduga an shafe da kwalta. Ka bar shi cikin ruwa, kullum sai an kwarfe. Na fiba ba ya shan ruwa, ba nauyi, mai kaɗan yake ci. Tsoronsa kututture, kuma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya shanye suna nan ƙasa, suna ɗagowa idan ruwa ya ja baya. Duk da haka fiba na ɗauka, kuma har yau ina ganin daidai ne ga mai shiga ruwa jefi-jefi.

Inda na ƙone shi ne allon baya, wurin ɗaura inji. Na riga ina da Yamaha mai doki 15, gajeriyar ƙafa, wadda aka yi don allo mai inci 15. Allon jirgin nan inci 20 ne. Na ƙwanƙwasa gindin jirgi, na leƙa tsagewa, na yi ciniki har na gaji, amma ban sa tef a allon ba. Aikin minti ɗaya!

Farantin da ke saman farfela dole ya zo daidai da gindin jirgi ko ƙasa kaɗan. Nawa ya tsaya inci biyar sama. Da an ba shi wuta sai farfela ta kama iska, inji ya yi ta kururuwa jirgi na jan ciki. Mafi muni, hancin da yake shaƙar ruwan sanyaya kansa yana fitowa waje duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga baya. Siririn ruwan da yake tsartuwa ta gefe, alamar ruwan sanyaya inji na zagayawa, ya fara yankewa, na ɗauka datti ne, na tsokale da waya na ci gaba. Fita ta uku robar famfon ruwan ta narke, gasket, wato shimfiɗar da ke toshe haɗin inji, ya ƙone, muka dawo da filafili.

Mai gyara ya ce, "Alhaji, a yanke allon kawai." Na ƙi. Yanke inci biyar yana kusanto da ruwa, kuma igiyar da ke biyo ka idan ka sassauta gudu ta baya take shigowa. Gyara injin na yi, na sayar da asara, na nemi mai doguwar ƙafa.

A auna daga saman allo zuwa gindin jirgi a tsakiya, a auna ƙafar inji daga maɗauri zuwa farantin, sannan a gwada da mutum biyu da tanki cike kafin kuɗi su bar hannu. Ruwan gefen nan idan ya yanke, a kashe inji nan take.