Madubin gefe ya kwana tara bai tsage ba

Ƴan'uwa masu koyon aikin alu, wato alminiyam, yau kwana tara ke nan madubin gefen bitirin ɗin Yaya, wato kabad ɗin madubi na jera kayan sayarwa, yana tsaye lafiya lau. Na so in ba ku labari tun kwana na uku, amma na danne zuciyata, don wanda ya gabace shi sai da ya kwana huɗu sannan ya dare. Yanzu kam na tabbata na gano ciwon, kuma daɗin da nake ji ba ya misaltuwa.

Ga wanda bai san mafarin aikin ba, yayata ce ke da shagon turare a nan Tahoua, ta ce in yi mata bitirin guda ɗaya dogo da zai cika bango. Na roƙe ta ta bar ni in raba shi gida uku, kowane faɗin santimita 60, zurfi 40, tsawo 180, a jera su a ɗaure da bis, wato ƙusa mai zare. Ta ce, "Kai dai ƙanena, in kwalabena za su fito da kyau, yi yadda ka gani." Har yau ban yi nadamar wannan shawara ba. Kowane gida yana shiga ƙofar shagon da mutum biyu, madubin ɗaya yana shiga gurbin ɗayan, kuma hawan da ake jera kaya ba ya lanƙwasawa tunda tazararsa gajeriya ce. Na sa wa hawan madubi mai kaurin milimita 6. Da dogon nan na yi, dole sai mai 8, wanda ya ninka mai 6 ƙarfi wajen sau biyu, ya kuma fi shi kuɗi nesa ba kusa ba. Sandunan alu a kasuwar Katako na sayo su lokacin da na je Yamai, na zaɓi masu kaurin jiki, na ƙi masu laushin nan da ɗan yatsa ke lotsawa, aka raba mini kowace biyu don mota ta ɗauka.

Duk wannan ya tafi daidai. Madubin gefe ne ya hana ni barci.

Na farko na sa shi da rana, washegari da asuba na fito alwala na tarar da tsaga ta taso daga kusurwar ƙasa ta hagu, ta yi baka har tsakiya. Na ɗora laifin a kan jigila, na ce wataƙila ya ji rauni a kan amalanke ban lura ba. Na koma aka yanko mini wani, jika 7. Kafin in sa shi na auna firam ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa, na ga bambancin milimita 6 tsakanin layukan biyu. Na ce to ga ɓarawon. Na kwance, na daidaita, na sa ƙafafu masu zare a ƙasa saboda daɓen tsakar gidanmu ba shi da daidaito, na ɗora nibo, ma'aunin daidaito mai kumfa a ciki, ta kowane ɓangare har kumfar ta tsaya a tsakiya. Kwana huɗu ina zagaya shi ina murna. A na biyar, da asuba kuma, daga kusurwar nan dai ta hagu, tsaga iri ɗaya kamar an kwafa.

Wallahi ranar ban iya karin kumallo ba. Jika 14 sun tafi, ga alkawarin da na yi wa Yaya na ƙarshen wata, ga kuma abin da ya fi ci mini rai: ban san laifina ba. Da na san inda na kuskure da sauƙi.

Kowa ya ba ni nasa dalilin. Wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce madubin yanzu ba shi da inganci, wani ya ce in sayi mai tauri wanda aka gasa. Wannan na ƙarshen ban bi ba, don madubin da aka gasa ba ya yankuwa bayan gashi, sai an yi odarsa da awonsa cif, ni kuwa a lokacin ban ma yarda da awona ba. Maganar zafin rana ita ta fi zama mini a kai, har sai da na tambayi kaina: in rana ce, me ya sa duka biyun da asuba suka fashe, lokacin da sanyin hunturu ya fi tsanani?

Na ɗauki ɓallin na kai wa dattijon da nake zama a shagonsa ranar Asabar. Ya juya shi a hannu, ya kai bakin kusurwar kusa da idonsa, ya shafa da babban yatsa. Ya ce, "Ɗana, wani abu ya ciji madubin nan. Koma ka duba cikin kwarmin da yake zama." Na ce, "Baba, na duba." Ya ce, "Da ido ka duba. Sa tsinke."

Na dawo gida na zura tsinken ashana cikin kwarmin sandar ƙasa ina ja a hankali. Santimita biyu kafin kusurwa tsinken ya tsaya cak. Na haska fitilar waya, sai ga kan bis ɗin da ya ɗaure kusurwar ya huda ya leƙo ciki, bai fi ƙwayar gero ba, yana ƙyalli, kewaye da shi farin garin madubi kamar gishiri. Bis ɗin ya yi tsawo, ni kuma ban taɓa sa hannu a wurin ba. Madubi mai kilo 9 yana zaune da bakinsa a kan tsinin ƙarfe.

Amma wannan rabin amsar ce, don bai bayyana maganar asuba ba. Sauran rabin na same shi da na zauna da biro. Alu yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi fiye da madubi, ya ninka shi sau biyu da rabi. Ni kuma duka biyun da azahar na haɗa su a tsakar gida, sandunan sun sha rana har ba sa taɓuwa da daɗi, na kuma sa aka yanka madubin daidai wa daida da gurbinsa, ina alfahari da cewa ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. In zafin sanda ya sauka da digiri 30 daga rana zuwa asuba, mai tsawon santimita 180 tana raguwa da milimita 1 da ɗan wani abu, madubin kuwa rabin milimita kawai. Bambancin bai kai milimita guda ba, amma madubin ba shi da wurin gudu. Firam ya matse shi daga sama, ya danna shi kan tsinin nan, sai ya dare. Ashe ba rana ce ta fasa shi ba, sanyi ne, kuma ni na shirya masa tarkon da hannuna.

Gyaran bai ɗauki yini ba. Na cire bis ɗin kusurwoyi duka na gidaje ukun, na sa gajeru, na bi kowane kwarmi da tsinke, inda na ji ƙaiƙayi na goge da magagari. Madubi na uku, wata jika 7 ɗin, na ce a rage masa milimita 4 a tsawo, 3 a faɗi. Mai yankan ya dube ni ya ce, "Malam, zai yi rawa fa." Na ce ya yanka haka nan. Na zauna da dutsen wasa wuƙa da ruwa na kashe kaifin bakinsa ta ko'ina, musamman kusurwoyi, don daga ƴan ɓalle-ɓallen bakin nan tsaga ke farawa. Sannan na yanka robar cikin tayar moto ƙanana guda biyu, na shimfiɗa a kwarmin ƙasa, kowace ta ɗan nisanci kusurwa, madubin ya zauna a kansu. Robar gefe ta riƙe shi ciki da waje. Ba ya rawa ko kaɗan, kuma babu inda ya taɓa ƙarfe. Da gangan na sake haɗa shi da azahar na bar shi a waje, don in ga gaskiyar lissafina.

Jiya Yaya ta zo gani. Ta jera kwalabe shida na humra a hawa na biyu, ta ja da baya ta tsaya tana kallo, hasken yamma ya ratsa ta gefen nan da ya ba ni wahala. Ta ce, "Ƙanena, Allah ya yi maka albarka." Na juya na kama tattara kayan aiki don kada ta ga idona.

Saura ƙofofi masu zamewa. Na gwada ɗaya a gida na farko, cikin kwana biyu ƙurar hunturu ta cika hanyar da take bi, tana ƙara tana cijewa. Na sayo burushin nan siriri da ake zurawa a bakin ƙofa, amma ya yi wa kwarmin sandata faɗi. Wanda ya taɓa fama da wannan a cikinku ya gaya mini ko ragewa ya yi ko sandar ya sauya, don ranar Juma'a nake so in kai gida na farko shago.