Fanka shida a baki ɗaya

Da na gama haɗa kwamfutata, abin da ya rage shi ne fankoki masu fitila guda shida: uku a gaba, biyu a sama, ɗaya a baya. Kowace fanka tana da waya biyu, ɗaya ta injin da ke juya ta, ɗaya ta fitilunta. Wayar fitilun tana da kai biyu, namiji da mace, yadda za ka jona wannan a bayan waccan. Haka na jera su kamar sarƙa, na kai ƙarshen na cusa a bakin ARGB, wato wurin jona fitilu masu launi, na madabod, babban allon kwamfuta, wancan mai ƙafa uku da ke ba da bolt 5. Ina kunnawa duk suka kama, launuka na ta zagayawa gwanin sha'awa, na ɗauka aiki ya kammala.

Sai ranar da na mayar da su fari fat, hasken kuma na kai shi ƙarshe. Ukun gaba suka yi fari tas. Na sama suka ɗan dusashe. Ta baya kuwa, wadda take ƙarshen sarƙar, ta koma ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa lokaci lokaci. Da farko na zargi fankar, har na musanya mata wuri da ta gaba, sai ta yi fari, wadda ta koma baya ta ɗauki cutar. Na kai yatsa kan filogin da ke bakin madabod, na ji ɗumi, kuma ba ɗumin da iskar cikin akwati ke kawowa ba ne. Nan take na kashe.

Littafin madabod ɗin, wanda ban buɗe shafin fitilunsa ba sai ranar, ya faɗi magana a fili: bakin yana ɗaukar amfiya 3 a bolt 5, wato wat 15. Ni kuwa ban taɓa ƙirga ƙwayayen LED ɗin, wato ƙananan fitilun da ke jikin fankokin, ba. Kowace fanka tana da 16, shida sun ba da 96. Ƙwayar irin WS2812B launi uku ne a cikinta, ja da kore da shuɗi, kowanne yana iya jan kusan miliamfiya 20 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). In ana son fari, sai ukun sun kama tare, kusan 60 ke nan. Da na ninka da 96, lissafi ya haura amfiya 5 da rabi. Wannan shi ne mafi munin hali, ƙwayoyi da yawa ba sa kaiwa can, amma ko da an rage, na riga na wuce gona da iri.

A nan na gane dalilin da launukan bakan gizo masu zagayawa ba su nuna matsala ba: a kowane lokaci launi ɗaya ko biyu ne ke kunne a kowace ƙwaya. Ruwan ɗorawar ma akwai dalilinsa. Wuta na raguwa a siririyar waya da kowace mahaɗa, kuma shuɗi ya fi ja buƙatar bolt, don haka shi ke fara sarewa, a bar ja da kore.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗaya wayar. Injinan shida ma na haɗa su da wayar reshe a bakin fanka guda, wanda iyakarsa amfiya 1 a bolt 12. Na juya fanka na karanta takardar da ke manne a bayanta: amfiya 0.2. Shida sun kai 1.2, ban da ƙarin da suke ja a lokacin da suka fara juyawa. Wannan ba ya canza launi balle ya yi maka gargaɗi, in ya ƙone, bakin ya tafi ke nan.

Gyaran bai da wuya. Na samo ƙaramin akwatin rabon wuta, wanda ake kira hob, mai karɓar wutarsa kai tsaye daga fawa, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ta wayarsa da ake kira SATA. Madabod yanzu saƙo kawai yake aikawa, na launi da na gudun fanka, nauyin kuma yana kan fawa. A lura, akwai hob marar wayar SATA, shi wannan reshe ne kawai aka sa wa gida, nauyin yana nan a kan madabod.

Wajen sake jonawa na zare wayar bango gaba ɗaya, don madabod na iya riƙe bolt 5 ko kwamfuta na kashe. Na kuma duba bakin sau biyu, domin kusa da shi akwai wani mai kama da shi, mai ƙafa huɗu, na bolt 12. Filogin bolt 5 na iya shiga can in an matsa, kuma ƙwayayen ba sa tsira.

Da na gama, na mayar da su fari, haske a ƙarshe, na bar su awa guda. Ta baya ta yi fari daidai da ta gaba, filogin kuma na taɓa shi na ji shi da sanyi.