Zanen mazarƙwaila

Yau na kai zane na tara a littafin da nake zana kayan zaƙin da muka taso da su. Na gama da gullisuwa da iloka da hanjin ligidi, har da Tom Tom mai ratsin baƙi da fari, wadda Cadbury ta fara yi a 1970. Da na gama na mazarƙwaila sai na kai wa kakata ta gani. Ta kara takardar kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai wannan ta ƙone. Mai kyau ja-ja take, kuma ina shatin kwanon da ake zuba ta a ciki?" Daga nan labari ya ɓalle. Ta ce suna yara a wajen Maƙarfi, doki ne ke zagayawa da injin matse rake, ruwan na tsiyaya, a dafa shi a babban kasko har ya yi kauri. Su kuwa suna raɓe a gefe, suna jiran ƙanzon da za a kankaro musu.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ban taɓa jin wannan labarin ba sai yau. Na sake haɗa kalar a gabanta, tana cewa ƙara ja, rage baƙi, har ta gyaɗa kai. Gobe nakiya ce, kuma ina ganin a ɗakinta ya kamata in zauna in zana sauran.