Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Nikko

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Baffa. Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗi, sai aiki. Yau Nikko, wani gari a Japan, ce a raina, saboda Kawu ya sake cewa a gidan suna wai ba komai a Japan sai tsoffin motoci. Shi da ya ba garin awa uku! Baffa kan ce sauri ya haifi nawa, kuma Nikko ba ta ƙaunar mai sauri.

Daga Asakusa a Tokiyo ake shiga jirgin ƙasan Tobu, tafiyar kamar awa biyu zuwa arewa, jihar Tochigi. A hau na sassafe. Wanda ya iso da azahar ya yi asara, domin daga Nuwamba zuwa Maris ƙarfe huɗu ake rufe Toshogu, hubbaren da ake zuwa gani.

Wani malamin Buda, Shodo Shonin, shi ya fara kafa wurin bauta a nan a 766, wanda ya zama Rinno-ji. Amma abin da ke jan jama'a shi ne Toshogu, hubbaren Tokugawa Ieyasu, shugaban mulkin soja na Japan da ya rasu a 1616. Jikansa Iemitsu ya sake gina shi, aka gama a 1636. Ƙofar Yomeimon kaɗai na ɗauke da sassaƙa sama da 500, kuma an kafa ginshiƙinta ɗaya da zanen a juye da gangan, wai abin da ya cika sai ya fara lalacewa. Kawu ya wuce ta yana waya. Birai ukun nan masu toshe ido, kunne da baki suna jikin bargar doki, ƙanana ne, mai sauri ba ya ganinsu. Daga ƙofar da aka sassaƙa kyanwa mai barci akwai matakalar dutse 207 zuwa kabarin, cikin itatuwan sida; mai ciwon gwiwa ya haƙura. A sa takalmi mai sauƙin cirewa, ana tuɓewa kafin shiga manyan ɗakuna. Kallo ne ya kai mu, ba wanda zai ce ka rusuna.

Kwana na biyu na tsauni ne, shi ne wanda Kawu ya ce ɓata kuɗi ne. Bas na hawa hanyar Irohazaka, mai lanƙwasa 48 hawa da sauka, zuwa tafkin Chuzenji, mita 1,269 sama da teku. Tafiyar ba ta kai awa ba, amma a ƙarshen Oktoba, lokacin da ganye ke yin ja, cunkoso kan mai da ita awa biyu ko uku. Sauri ya haifi nawa, in ji Baffa. Shi kam ko Kaduna kwana yake yi. Ruwan Kegon na zubowa daga tsayin mita 97, da lif ake sauka a gan shi daga ƙasa, sai dai in hazo ya rufe, ƙara kawai za ka ji. Can sama ya fi cikin gari sanyi sosai, a tafi da rigar sanyi ko da bazara ne.

Birai na fizge leda, kuma doka ta hana ba su abinci. Abincin garin yuba ne, fatar da ke tasowa a kan madarar waken suya. Ita ba laifi, amma a tambayi abin da aka zuba a romon, don sukan sa giyar shinkafa.

Mako mai zuwa, maganar filin Inna da yadda Kawu ya sayar da shi.