Kuɗin mota daban, kuɗin lodi daban

Duk magidancin da ya ce maka a sawu ɗaya zai kwashe kayan gidansa, bai taɓa leƙa ƙarƙashin gadon matarsa ba. A can ake ɓoye kwallaye da samiru da kulolin da tun ranar jere ba a buɗe su ba. Ga akwatunan lefe a saman sif, ga buhun tsofaffin takalman yara da tun bara ake cewa za a bayar. Ciki biyu da falo muke haya a wani lungu a Gwale, amma da aka fito da kayan tsakar gida sai da na riƙe baki ina tambayar kaina a ina muke kwana duk shekarun nan.

Mai gidan ne zai aurar da ɗansa, ya ba mu wa'adi, Allah ya taimaka muka samu wani a Rijiyar Zaki, a saman bene. Neman gidan da la'adar dillali labari ne na wata rana. Yau maganar mota da 'yan dako zan yi, don har yanzu abin yana ci mini rai.

Irinmu ba kamfani muke kira ba. Bakin titi ake zuwa, inda masu a-kori-kura da kanta da 'yan ƙananan haijet suke jera motoci, yawanci kusa da 'yan katako ko masu kayan gini, direbobi na kishingiɗe a kan benci. Kafin ka isa wurin direba ɗan kamasho ya tare ka. "Alhaji, kaya ne? Ina za a kai?" Ni da ko filin jirgi rakiya ce kawai take kai ni. Amma idan aka kira ka Alhaji a irin wannan wuri, to ka sani an riga an ɗora maka wani abu a kan farashin.

Direban bai ce zai je ya ga kayan ba. Daga zaune ya yi tambayoyinsa: kujeru saiti nawa, gado nawa, akwai firiza? Ya ɗaga kai sama kamar mai lissafi, ya ce naira 45,000. Na ce haba maigida, daga Gwale a bi ta Kabuga a miƙe titin Gwarzo, tafiyar nawa ce? Ya ce ai na san yadda mai ya koma. Na sani kuwa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Sai dai kantar tasa gas take sha, shi kuwa gas an daɗe da cire masa tallafi, tun 2022 ya yi nasa tashin. Na faɗa masa haka ina jin na kama shi. Ko gezau. "Malam, motata gas take sha, amma masarar da nake ci da fetur ake kawo ta." Na rasa amsa, don gaskiyarsa ce. Aka yi ta albarka, albarka, har ya sallama a 32,000, na ba da 5,000 kafin alƙalami.

Abin da kuɗin nan ya saya shi ne mota da mutumin da zai zauna a gabanta yana jin rediyo. Direba ba ya taɓa kaya. Yaron mota yana saman bodi yana karɓa yana jerawa, shi ne mai ɗaure igiya, ba ya saukowa. Masu ɗauka daban, cinikinsu daban, ɗan kamashon ya ce zai turo mutum huɗu a kan 12,000. Na gaya masa lungu ne, na gaya masa bene ne, ya ce ba komai Alhaji, yaransa ne.

Asabar ɗin ƙarshen wata muka sa, don a ƙarshen wata wa'adi yake cika, Asabar kuma ita ce ranar da ma'aikaci yake da kansa. Ita ce kuma ranar tsaftar muhalli a Kano, ba zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Muka yi da direban goma na cika ya taso. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. "Ga ni nan a hanya." "Yanzu zan shawo kwanar." Sai bayan azahar ya iso, da ɓurɓushin katako a bayan motar, wato ya fara kai wa wani lodinsa tukuna.

Maiɗakina tun farko da dare ta so a tashi, kamar yadda mutane da yawa suke yi, don kada idon unguwa ya ƙirga maka kayanka. Na ƙi saboda sabon gidan ba a haɗa wuta ba. Da rana tsaka kuwa aka yi, mata na leƙe ta soraye, tsohuwar katifar yara da muka naɗe da zanin gado ta warware daidai ƙofar mai shayi.

Wanda ya san lungunan cikin gari ya san mota ba ta shiga. Kwata ce a tsakiya, idan babur ya taho sai ka manne da bango. Kantar ta tsaya a bakin titi, babban 'yan dakon ya bi lungun da ƙafa har ƙofar gida, ya dawo yana girgiza kai. Su an ce musu kaya na bakin ƙofa. Ɗan kamashon ya karɓi nasa tun jiya, wayarsa a kashe. Sabon ciniki, ƙarin 3,000, da kuɗin kura guda da za ta riƙa jigilar buhuna da tukwane. Yaran unguwa ne suka fi kowa amfani, kowa ya sunkuci bokiti ko kujerar tsuguno ya ruga, ba wanda ya ce a biya shi, sai dai ba ka san abin da ya isa mota da abin da ya tsaya wasa a hanya ba.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne kayan ɗaki. Namiji ya riƙa tunawa, gado da sif da madubi da shokes ba nasa ba ne. Ubanta ne ya saya, wataƙila sai da ya sayar da fili ko ya ci bashi, kuma danginta sun san adadin kowane faranti. Idan talabijin ɗinka ta fashe asararka ce kai kaɗai, ka yi shiru. Idan murfin sif ya ɓalle, magana ce da za ta kai gidan surukai kafin magariba. Ga shi kayan yanzu na katakon nan ne da aka matse garinsa aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Kyau a ido, amma ba ya son a kwance shi. Kafintan da na kira ya nuna mini ramin noti ɗaya, ya sa yatsa, garin katako ya zubo. Ya ce wannan idan an ɗaure shi yau, a bar shi nan har abada, ba zai jure tashi na uku ba. Tsohon teburin maɗaci da na gada wurin mahaifina kuwa, jefa shi aka yi a mota, ko ƙwarzane bai yi ba.

Madubin dai maiɗakina ta naɗe shi da bargo ta rungume a cikin adaidaita sahu, ta ce ko ni ba ta yarda in riƙe ba. Firji kuma sai da muka yi sa-in-sa da yaron mota, shi yana so ya kwantar da shi don ya samu wurin ɗora katifu, ni na ce a tsaye zai tafi, don idan aka kwantar man injinsa yana gangarawa cikin bututu. Ya tsayar da shi yana ƙunƙuni.

Sawu ɗaya bai ɗauke ba, ko kusa. Direba ya ce shi kuɗin sawu ya faɗa, ba kuɗin gida ba. Nan ma aka daidaita a kan rabi. A hanya masu kaki suka tsayar da mu saboda lodin ya yi tsini, direban bai ko motsa ba, ni ya juyo ya kalla.

Muna isa Rijiyar Zaki babban 'yan dakon ya ɗaga kai ya ga matattakala. "Yallaɓai, ba a ce mana bene ba ne." A lokacin hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, watan Agusta, motar kuma ba tamfol. Katifu a sama, buhun shinkafa a gefe. Wane ciniki mutum zai yi a haka? Ya ce 6,000, na ce ku ɗauka. Wannan ne abin da yake ba ni haushi a harkar gaba ɗaya, ba yawan kuɗin ba. Kowane ƙari ana kawo maganarsa ne daidai lokacin da ba ka da ikon cewa a'a. Tun kaya na cikin ɗaki kai ne mai magana, da zarar sun hau mota sai abin da aka ce maka.

Amma kuɗin 'yan dako ban yi baƙin cikinsa ba. Babban nasu ya ba hamsin baya, da furfura a gemunsa. Ya cire silifas, ya naɗe tsumma ya yi gammo a kafaɗa, aka ɗora masa firiza a gadon baya, ya riƙe igiyar da hannu ɗaya, ɗayan yana dafa bango. Hawa ɗaya ɗaya, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, a kwanar matattakalar ya tsaya ya ce wa na bayansa "tura a hankali, kada ka kashe ni." Da ya sauke ya zauna a ƙasa ya shanye ruwan leda biyu a jere. Idan aka raba abin da suka samu gida huɗu, ni ba zan hau da firizar nan a kan ninkinsa ba. Wanda ya ci kuɗi a banza shi ne wanda ya kashe wayarsa.

Taransifa ba su karɓa, sai tsaba, don haka na bi yayyafi neman mai POS, shi ma ya cire nasa. Da na dawo aka nuna mini gilashin ƙofar shokes, ya tsage tun daga sama har ƙasa. Wa ya fasa? Ba kowa. "Tsautsayi ne Malam, Allah ya mayar da alheri." Ba takarda, ba inshora, ba wanda za ka riƙe, ka ce amin kawai. Ledar da kafinta ya zuba notikan gado kuma ba a gan ta ba sai washegari, a cikin tukunyar miya, don haka a ƙasa muka kwana.

Da hantsi surukata ta zo da ƙannenta mata don su yi jere. Ta zagaya ɗakunan, ta sa albarka, ta yaba iskar benen, sannan ta tsaya gaban shokes ta daɗe. "Malam, ashe gilashin bai ji daɗin tafiyar ba." Na ce za a gyara Hajiya, in sha Allahu cikin satin nan. Mai gilashi ya zo ya auna, ya faɗi nasa.

Shekaranjiya sai ga wayar direban. Wai yana share mota ya ga taɓarya a maƙale a jikin bodi, ko tamu ce? Tamu ce, tun ranar ake nemanta, har an zargi yaran tsohuwar unguwa. Ya ce in turo 2,000 na mai ya kawo, ko in je tasha in karɓa. Na ce wa maiɗakina a bar masa, a sayi sabuwa a kasuwar Rimi. Ta ce ta kakarta ce. Ranar Asabar zan je tashar.